Gidajen Yari a Najeriya: Tambayoyi da Amsoshi

Yawancin mutane ba sa neman sanin yadda gidan yari yake sai ranar da alƙali ya ce a tasa ƙeyar nasu. A ranar ne uwa za ta fara tambayar ta ina ake kai abinci, matar aure ta tambayi yaushe za a dawo kotu, mahaifi kuma ya shiga neman wanda ya san wani a ciki. An tattara tambayoyin nan ne domin irin waɗannan mutane, da kuma duk wanda ya damu da halin da bayin Allah suke ciki a bayan waɗancan katangu.

Wace hukuma ce ke riƙe da gidajen yari?

Hukumar Kula da Gidajen Gyaran Hali ta Najeriya, wadda ke ƙarƙashin Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida ta tarayya. Kwanturola Janar ne shugabanta, yana Abuja, kowace jiha kuma tana da nata kwanturolan, sannan kowane gida yana da babban jami'in da ke kula da shi. A shekarar 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar hukumar, wadda ta maye gurbin ta 1972. Dokar ta raba aikin gida biyu: ɓangaren tsare mutane, da ɓangaren hukuncin da ba na ɗauri ba, irin su aikin gayya ga al'umma da sakin mutum bisa sharaɗi ana sa masa ido.

Abu ɗaya da ya kamata a riƙe tun daga farko shi ne, gandiroba ba ya kama mutum, ba ya kuma sakinsa. Takardar kotu ce ke shigo da mutum, takardar kotu ce ke fitar da shi. Iyalai da yawa suna ɓata watanni suna roƙon jami'an gidan yari, alhali mabuɗin yana wajen ɗan sanda mai bincike, da ma'aikatar shari'a, da alƙali.

Tun asali gwamnatin tarayya ce ke riƙe da su?

A'a. Kafin zuwan Turawa sarakuna suna da nasu wuraren tsare masu laifi. Turawa sun gina gidan yarinsu na farko a titin Broad da ke Legas a 1872, domin mutum 300. A Arewa kuma suka bar yawancin gidajen a hannun En'e, ƙarƙashin sarakuna, kamar na Kurmawa da ke bayan gidan Sarkin Kano, wanda aka gina tun 1910. Sai a 1968, zamanin Janar Gowon, aka karɓe gidajen En'e aka haɗe su duka a hannun tarayya. Da yawa daga gine-ginen da ake tsare mutane a cikinsu yau na wancan zamanin ne, an gina su lokacin da garuruwan ba su kai kashi ɗaya cikin goma na girmansu na yanzu ba.

A watan Maris na 2023 aka gyara tsarin mulki, aka bai wa jihohi damar kafa nasu gidajen gyaran hali. Hujjar a fili take: kusan kashi 90 cikin 100 na waɗanda ke tsare, dokokin jiha ake zargin sun karya, kotunan jiha ne kuma suka tura su, amma tarayya ce ke ciyar da su. Gwamnan da ba ya biyan kuɗin abincin fursuna ba abin da zai hana shi barci idan kotunansa suna jan ƙafa. Har yanzu dai tarayya ce ke ɗauke da nauyin.

Mutum nawa ne a tsare, kuma su wane ne?

Alƙaluman hukumar na 2024 da 2025 sun nuna kimanin mutum 80,000 a gidaje sama da 240. Mata kimanin kashi 2 cikin 100 ne kawai. Idan aka auna da yawan jama'ar Najeriya, wannan adadi ba shi da yawa. Ƙasashe da dama da ba su kai mu jama'a ba sun fi mu fursunoni. Abin tashin hankalin yana wani wuri: kusan biyu cikin kowane mutum uku da ke ciki ba a yanke musu hukunci ba. Sama da mutum 50,000 ke nan suke zaman jiran shari'a, alhali sashe na 36 na tsarin mulki ya ce kowa ba mai laifi ba ne har sai kotu ta tabbatar.

Cunkoson kuma ba ko'ina yake daidai ba. Akwai ƙananan gidaje a karkara da ba su cika ba, amma na manyan birane, Legas da Fatakwal da Kano da Kaduna da Abuja, su ne ke maƙil. Gidan yarin Ikoyi an gina shi domin mutum 800, amma a Disambar 2019, lokacin da wayar lantarki ta faɗo ta kashe fursunoni biyar a ɗaki ɗaya, mutum sama da 3,000 ne a cikinsa.

Ta yaya mutum zai shekara biyar ko goma a tsare ba a yanke masa hukunci ba?

Wannan ita ce uwar tambayoyin, kuma ya kamata a bi ta daki-daki.

A ce 'yan sanda sun kama saurayi a wani samame, suka rubuta masa fashi da makami ko kisan kai. Irin waɗannan manyan laifuka galibi babbar kotun jiha ce ke da hurumin sauraronsu. Amma ba can ake kai shi ba. Kotun majistare ake kai shi, a karanta masa takarda, majistare ya ce ba shi da hurumin yin shari'ar, amma ya ba da umarni a ajiye shi a gidan yari har sai an samu shawarar daraktan gabatar da ƙararraki na ma'aikatar shari'a. Kotun Ƙoli ta amince da irin wannan ajiya a hukuncin da ta yanke a 2007 a shari'ar Lufadeju da Johnson. Daga nan sai fayil ya fara tafiya: daga ofishin 'yan sanda na yanki zuwa sashen binciken manyan laifuka, daga can zuwa ma'aikatar shari'a, lauyan gwamnati ya karanta ya rubuta ko akwai tuhumar da za a amsa, sannan a shigar da ƙara a babbar kotu.

A kowace gaɓa fayil yana iya tsayawa. An yi wa ɗan sanda mai binciken canjin wurin aiki zuwa wata jiha, bai miƙa wa kowa takardun ba. Ba a buga kwafin fayil ɗin ba saboda ba wanda ya biya kuɗin bugawa. Lauyan gwamnati ɗaya yana da fayil ɗaruruwa a kan teburinsa. Wani lokaci ma shawarar ta fito tun tuni, ta ce yaron ba shi da laifi a sake shi, amma takardar tana kwance a wata durowa ba ta isa kotu ba. Idan kuma an kai ga babbar kotu, sai a shiga ɗage zama: yau shaida bai zo ba, gobe alƙali ya tafi taro, jibi ma'aikatan kotu suna yajin aiki, gata motar kai fursunoni ba mai. Idan aka ɗaga alƙalin zuwa kotun ɗaukaka ƙara ko ya yi ritaya, sau da yawa shari'ar daga farko ake sake ta.

Akwai kuma waɗanda an ba su beli amma sun kasa cika sharaɗi. Alƙali ya ce a kawo ma'aikacin gwamnati mai mataki na 14 ko mai takardar mallakar fili a cikin birni. Ɗan ci-rani da ya zo daga ƙauye yana tura baro, ina zai samo irin wannan mutum? Sai ya zauna shekara biyu a kan laifin da ko an same shi da shi, wata shida ne hukuncinsa.

Abin da na tabbatar shi ne, wanda ke da mai bin fayil ɗinsa a waje yana fita ko a yi masa shari'a. Wanda ake mantawa da shi shi ne wanda danginsa ba su ma san inda yake ba, ko sun sani amma sun gaji.

Doka ba ta sa iyaka ga wannan ajiya ba?

Ta sa. Sashe na 35 na tsarin mulki ya ce a kai wanda aka kama kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu, cikin kwana biyu. Ya kuma ce idan mutum ya yi wata biyu a tsare ba a yi masa shari'a ba, a sake shi, ko da bisa sharaɗi ne. Sai dai wannan kariya ba ta shafi wanda ake zargi da laifin da hukuncinsa kisa ne ba, shi ya sa rubuta wa mutum "fashi da makami" a takarda ke rufe masa ƙofa.

Dokar gudanar da shari'ar manyan laifuka ta 2015 ta zo ta toshe wannan kafa. Ta ce umarnin ajiya kwana 14 ne a karon farko, ana iya ƙara 14, sannan a kira masu gabatar da ƙara su faɗi dalilin da zai hana a saki mutumin. Jihohi sun yi nasu irinta, Kaduna a 2017, Kano a 2019. Ita ma dokar 2019 ta hukumar ta ce idan gida ya cika, kwanturolan jiha ya sanar da babban jojin jiha da kwamishinan shari'a, in ba a ɗauki mataki ba jami'in gidan yana da ikon ƙin karɓar sabbin masu jiran shari'a. Dokokin suna da kyau. Aiki da su ne ya yi ƙaranci, kuma ba kasafai alƙali ke tunawa da wa'adin ba sai lauya ya miƙe ya tuna masa.

Ana iya ɗaure mutum saboda bashi, ko a kama wani a madadin ɗan'uwansa?

Dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama mutum kan rikicin ciniki ko saɓa yarjejeniya kawai, ta kuma hana kama uba ko mata ko ƙane a madadin wanda ake nema. Amma a aikace, mai bin bashi yakan je ya ce an ci amanarsa ko an damfare shi, sai bashin ya rikiɗe ya zama laifi. Mutane da yawa a gidajen yarin Arewa kan kuɗin da bai kai na buhun shinkafa biyu ba suke zaune. Idan haka ta faru, sulhu a gaban alƙali, a rubuta yadda za a riƙa biya, shi ne hanya mafi sauri.

Me suke ci?

Gwamnati tana ba 'yan kwangila kuɗi su kawo abinci. An daɗe ana ware Naira 450 ga kowane mutum a rana, aka mai da shi 750, sannan a 2024 aka ɗaga zuwa 1,125. Wannan kuɗin na cin safe da rana da dare ne, kuma a cikinsa ake cire haraji da ribar ɗan kwangila da kuɗin itace ko gas. A Disambar 2023 Kwanturola Janar na lokacin, Haliru Nababa, ya shaida wa kwamitin Majalisar Dattawa cewa Naira 750 ake kashe wa fursuna a rana, karen hukumar kuma Naira 800. Maganar ta girgiza mutane, kuma ta cancanci ta girgiza su.

Abin da ke isa kwano shi ne wake mai ruwa da safe, garin rogo ko tuwon da ake kira gabza, da miyar da mai da gishiri suka yi mata ƙaranci, shinkafa jefi-jefi, nama ko kifi kuwa sai an yi sa'a. Mai ɗan hali yana dafa nasa ko a kawo masa daga gida. Wanda ba shi da kowa sai ya yi wa wani wanki ko ɗiban ruwa don ya samu ƙari. A watan azumi da lokacin Kirsimeti ƙungiyoyin addini da masu hannu da shuni suna kai abinci, kuma yana rage raɗaɗi ƙwarai, amma na ɗan lokaci ne a shekara.

Yaya kwana yake a ɗakin da ya cika?

Tun da sauran rana ake ƙirga mutane a kulle ɗakuna, ba a buɗewa sai gari ya waye an sake ƙirgawa. A ɗakin da aka yi domin mutum 30 aka zuba 100, gado na waɗanda suka daɗe ne ko masu abin hannu. Saura a ƙasa, kowa a kan gefensa, kan wannan a ƙafar wancan, ba mai juyawa sai an juya tare. Sabon shiga kusa da bokitin bahaya ake ba shi wuri, daga nan yake matsawa a hankali yayin da wasu ke fita. A watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri, da taga ƙarama can sama, ba wuta ba fanka, mutane tsirara suke kwana sai gajeren wando, gumi yana bin bango. Ga kuɗin cizo, ga ƙwarƙwata, ga sauro.

Da dare gandiroba yana waje, don haka fursunoni ne ke mulkin kansu. Kowane ɗaki yana da shugaba, da mai yanke hukunci idan an yi faɗa, da mai kula da tsabta, da liman da fasto. Wannan tsari yana hana rikici, kuma a ɗakuna da yawa shi ke sa a tara kuɗi a saya wa marar lafiya magani. Amma shi ne kuma ke karɓar "kuɗin ɗaki" a hannun sabon shiga, wanda bai biya ba ya sha wahala. Da rana waɗanda aka yanke wa hukunci sun fi samun fita tsakar gida, su je aiki ko masallaci ko coci. Masu jiran shari'a, waɗanda doka ta ce ba su da laifi, su ne suka fi daɗewa a kulle.

Gaskiya ne mai kuɗi ba ya shan wannan wahala?

Gaskiya ne akwai bambanci. Akwai ɗakunan da suka fi sarari, masu katifa da fanka, kuma ba a ɓoye yake ba cewa kuɗi na sa a samu. A 2024, bayan zargin an ba wani sanannen fursuna a Legas gata na musamman, ministan cikin gida Olubunmi Tunji-Ojo ya dakatar da wasu manyan jami'ai, ya kafa kwamitin bincike. Amma kada a ɗauka duk gandiroba maciyin hanci ne. Akwai waɗanda ke kira wa fursuna danginsa, akwai masu kai shi asibiti da kuɗin aljihunsu. Su ma albashinsu kaɗan ne, barikinsu a lalace, kuma iskar da fursuna ke shaƙa ita suke shaƙa.

Idan mutum ya kamu da rashin lafiya fa?

Yawancin gidaje suna da ɗan ƙaramin asibiti da ma'aikacin jinya, amma likitoci ƙalilan ne ga dukan hukumar, magani kuma yakan yanke. Ƙazuwa da sauran cututtukan fata, zazzaɓin cizon sauro, gudawa da tarin fuka su ne suka fi yawa, kuma tarin fuka a ɗakin da ba iska yana bin mutane ɗaya bayan ɗaya. Idan ciwo ya yi tsanani ana fitar da mutum asibitin gwamnati da rakiya, kuma sau da yawa dangi ne ke sayen magani. Mai ciwon suga ko hawan jini ko mai shan maganin ƙanjamau, a sanar da asibitin gidan tun ranar farko, a kai maganin cikin kwalinsa tare da takardar likita. Lauya kuma yana iya neman beli bisa dalilin rashin lafiya.

Masu taɓin hankali su ne abin tausayi na ƙarshe. Tsohuwar dokar masu taɓin hankali ta 1958 ta sa an riƙa ajiye wasu a gidan yari ba tare da sun yi laifin komai ba. An sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a farkon 2023, amma har yanzu akwai masu wannan lalura a ciki da wurinsu asibiti ne.

Yaya ake ziyara, kuma me zan iya kaiwa?

Ranaku da lokuta sun bambanta daga gida zuwa gida, don haka a tambaya a bakin ƙofa. A tafi da katin shaida. Za a rubuta sunanka da na wanda ka zo gani, a karɓi wayarka a ajiye, a caje ka. Idan ka kawo dafaffen abinci, jami'i zai buɗe kular, ya sa cokali ya tona har ƙasa, sannan ya ce ka ɗanɗana a gabansa. Za ka ga tsohuwa ta sha tafiya daga ƙauye da fura a kwano, ta kurɓa, a miƙa ciki, a ba ta mintoci kaɗan ta ga ɗanta ana hayaniya ta ko'ina, har ta rasa me za ta fara faɗa. Saboda haka a shirya magana tun daga gida: lambar ƙara, wace kotu, yaushe aka ɗage, me lauya ya ce.

Sabulu, man shafawa, garin kwaki, ƙuli-ƙuli, suga, silifa da tufafi marasa nauyi sun fi amfani. Waya, reza, kayan maye da duk wani ƙarfe haramun ne, wanda aka kama da su shi ma zai iya kwana a ciki. Ziyara ba ta kuɗi ba ce a doka, ko da wani ya nuna maka akasin haka.

Mata da ƙananan yara fa?

Gidajen mata zalla kaɗan ne, wanda aka fi sani shi ne na Kirikiri a Legas. A sauran wurare ɓangare ake ware musu a cikin gidan maza, mata gandirobobi suna kula da su. Dokar 2019 ta ce a yi wa mace gwajin ciki idan ta shigo, a kula da mai juna biyu, a tanadi wurin renon jarirai. Jariri yana iya zama da uwarsa har wata 18, daga nan a miƙa shi ga dangi. Audugar mata da abincin mai shayarwa sun fi dogara ga taimakon ƙungiyoyi. Abin da ya fi ci wa matan rai shi ne yadda ake yanke musu ƙafa: namiji matarsa takan yi ta zarya, mace kuwa sau da yawa takardar saki ce ke biyo ta.

Yaro da bai kai 18 ba bai kamata a haɗa shi da manya ba. Akwai makarantun horon kangararru na tarayya a Kaduna da Ilori da Abekuta, jihohi kuma suna da gidajen ajiye yara. Amma inda ba takardar haihuwa, ɗan sanda yana iya rubuta wa ɗan shekara 15 shekara 19, shi ke nan ya faɗa cikin manya. Duniya ta ga irin wannan a ranar 1 ga Nuwamba 2024, lokacin da aka gurfanar da yaran da aka kama a zanga-zangar tsadar rayuwa ta watan Agusta, yawancinsu daga Kano da Kaduna, a babbar kotun tarayya ta Abuja, wasunsu suka faɗi a gaban alƙali don galabaita bayan kusan wata uku a tsare. Sai da Shugaba Tinubu ya ba da umarni aka sake su. Iyaye su kai takardar haihuwa ko ta makaranta kotu tun zaman farko.

Gaskiya ne shekarar gidan yari wata takwas ce?

Akwai ƙamshin gaskiya. Wanda aka yanke wa ɗaurin da ya wuce wata ɗaya ana iya rage masa kashi ɗaya cikin uku idan ya nuna halin kirki, shi ya sa shekara ke komawa wata takwas. Wanda ya yi laifi a ciki ana iya janye masa rangwamen. Ba a ƙirga dare daban rana daban kamar yadda ake faɗa a gari. Mai jiran shari'a ba shi da wannan rangwame, tunda ba shi da wa'adin da za a rage, sai dai lauya ya roƙi alƙali ya fara lissafin ɗaurin daga ranar da aka tsare shi.

Waɗanda aka yanke wa hukuncin kisa, ana kashe su?

Sun haura mutum 3,500, kuma ba a zartarwa sai gwamna ya sa hannu. Gwamnoni kuwa ba sa son sa hannun. An rataye mutum huɗu a Binin ta jihar Edo a 2013, da wasu uku a can a ƙarshen 2016. Saura suna zaune shekara goma, ashirin, a ɗakuna na daban, ba su san ranar ba. Dokar 2019 ta ce wanda ya gama ɗaukaka ƙara ya kuma shekara 10 ba a zartar ba, babban jojin jiha yana iya mai da hukuncin ɗaurin rai da rai.

Me ya sa ake yawan fasa gidajen yari?

Dalili biyu ne: hari daga waje, da tsufan gini. A Satumbar 2010 'yan Boko Haram sun fasa na Bauchi suka saki mutum sama da 700. A Afrilun 2021 aka fasa na Owerri, 1,844 suka fita. A daren 5 ga Yuli 2022 mayaƙan ISWAP suka afka wa na Kuje, a gefen Abuja, mutum sama da 800 suka tsere. A Suleja kuwa, a Afrilun 2024, ruwan sama ne ya rushe katanga, sama da 100 suka fice. A Maiduguri ambaliyar madatsar Alau ta Satumbar 2024 ta yi haka, 281 suka fita. An gina sabbin manyan gidaje masu cin mutum 3,000, ciki har da na Janguza a Kano. Zai rage matsi, amma muddin kotuna na turo mutane ba sa kammala shari'arsu, sabon gini ma cika zai yi.

Akwai gyaran halin da ake yi da gaske?

Akwai, ga wanda ya samu shiga. Ana koyar da ɗinki, kafinta, walda, aski da yin takalma, akwai gonakin hukumar irin na Kujama a Kaduna da Birnin Kudu a Jigawa da Lakushi a Filato. Fursunoni suna zana jarrabawar kammala sakandare, kuma Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa tana da cibiyoyi a gidaje da dama, tana koyar da su kyauta, har wasu sun yi digiri na biyu. Akwai waɗanda suka sauke Alƙur'ani a ciki. Sai dai kayan aiki sun yi kaɗan, kuma an fi ba waɗanda aka yanke wa hukunci, ma'ana mafi yawan mazauna gidan ba sa ciki. Ranar fita kuma mutum yakan tarar ba jari, ba mai ɗaukarsa aiki, ba mai ba shi aure. Nan ne dangi da mai unguwa da liman suke da aikin da gwamnati ba za ta yi musu ba.

Waɗanne hanyoyi ne mutum ke iya fita kafin lokaci?

Idan hukuncin yana da zaɓin tara, biyan tarar ya wadatar. A biya ta hanyar kotu, a karɓi rasit. A Nuwambar 2023 ma'aikatar cikin gida ta tara Naira miliyan 585 daga masu taimako ta fitar da mutum 4,068 da tara kawai ta riƙe su. Wanda ke neman inda zai sa zakka ko sadaka, ga wuri. Babban jojin jiha yana da ikon zagaya gidajen yari ya saki waɗanda aka tsare ba bisa ƙa'ida ba ko suka wuce wa'adin da za a ɗaure su. Gwamna da shugaban ƙasa suna da ikon afuwa, bisa shawarar kwamiti. A Afrilun 2020, lokacin korona, an yi wa mutum 2,600 afuwa. Jami'an walwala na gidan su ne ke haɗa sunaye, don haka a san su.

Ba ni da kuɗin lauya. Ina zan dosa?

Hukumar Ba da Agajin Lauyoyi ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1976, tana da ofis a kowace jiha, kuma aikinta kyauta ne ga marar hali. Rassan ƙungiyar lauyoyi ta NBA suna da kwamitocin kare haƙƙin ɗan Adam, ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA tana tsaya wa mata da yara, ƙungiyar PRAWA ta daɗe tana aikin fursunoni, sannan akwai Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa idan duka ko azabtarwa ne, wanda dokar hana azabtarwa ta 2017 ta mai da shi laifi. Wasu tsangayoyin koyon aikin lauya a jami'o'i ma suna tura ɗalibansu su bi irin waɗannan shari'o'i.

Kafin ka je, samo abu huɗu: sunan kotun da ta ba da umarnin ajiya, lambar ƙarar, ofishin 'yan sandan da ya yi kamun, da ranar da aka kai shi gidan yari. Ofishin rajista na gidan yana da kwafin takardar ajiyar. Daga nan a tambayi ko fayil ya isa ma'aikatar shari'a, in ya isa ko shawara ta fito, in ta fito ko ta isa kotu. A rubuta takardar koke ga kwamishinan shari'a da babban joji, a riƙe kwafin da aka buga wa hatimi. A halarci kowane zaman kotu ko da an san ɗagewa za a yi. Mace tana iya tsaya wa mutum beli, dokar 2015 ta faɗi haka ƙarara, kada wani ya ce sai namiji. Idan kuma sharaɗin belin ya fi ƙarfinku, lauya yana iya neman kotu ta sassauta shi, ko ya kai buƙatar gaban babbar kotu.